Zanen Ayonosfiya Da Ya Manta Da Magaribarmu

Idan ka taɓa buɗe littafin fiziks ko na jogirafi a sakandare, akwai wani zane da da wuya a ce ba ka gani ba. An zana doron ƙasa a lanƙwashe, an dasa eriyar gidan rediyo a gefe guda, sannan can sama an jera layuka uku masu santsi, ɗaya kan ɗaya kamar hawan bene, an sa musu suna D, E da F. Sai wata kibiya ta tashi daga eriya, ta bugi hawan sama, ta dawo ƙasa a wata nahiyar. A ƙarƙashin zanen kuma a rubuta cewa ayonosfiya tana aiki kamar madubi.

Da wannan zanen aka koyar da ni, kuma ina jin daɗinsa har gobe, domin shi ya amsa mini tambayar da na daɗe ina yi tun ina yaro: ta yaya rediyon mahaifina ke kamo sashen Hausa na BBC da na Muryar Jamus a gajeren zango, daga nisan dubban kilomita, alhali an ce duniya a dunƙule take? Amma ranar da na fara zama da bayanan wata na'urar GPS ta bincike da ke nan yankinmu, sai na ga abin da ba ya cikin zanen. Layin da ke nuna yawan ilekturon a samaniya yakan hau a hankali da safe, ya kai ƙololuwa da rana, sumul abinsa. Da an yi magariba kuwa, a wasu ranakun, sai ka ga ya fara tsalle-tsalle kamar haƙoran zarto, wani wurin ma ya yanke ɗungurungum. Da farko na zaci na'urar ce ta lalace. Ashe lafiyarta ƙalau. Samaniyar ce ke yin haka.

To a yau wannan zanen nake so mu ɗora a kan mizani, ni da kai mai karatu. Ƙorafina a kansa guda ɗaya ne: yana koya mana cewa ayonosfiya wuri ne mai natsuwa wanda sai wani abu ya zo daga waje yake rikicewa, alhali a saman kawunanmu ita da kanta take rikita kanta, dare bayan dare. Kuma wannan kuskuren bai tsaya a littafi ba. Ya shiga lissafin da ke cikin wayarka, ya shiga yadda ake ba mu labarai.

Abin da zanen ya faɗa daidai

Bari mu fara ba shi haƙƙinsa. Daga kusan kilomita 60 zuwa sama da kilomita 1,000 a kan doron ƙasa, hasken rana mai ƙarfi yana fizge ilekturon daga jikin ƙwayoyin iska. Sai a samu cakuɗen ilekturon masu yawo da ragowar ƙwayoyin da aka fizge su daga jikinsu, waɗanda ake kira ayon. Wannan cakuɗen shi ne filazma, yankin da take kuma shi ne ayonosfiya. Hawan D yana tsakanin kilomita 60 zuwa 90, hawan E daga 90 zuwa 150, hawan F kuma daga nan zuwa sama, inda cunkoson ya fi yawa a wajen kilomita 300. A can, da rana, ana iya samun ilekturon kusan miliyan ɗaya a cikin wuri mai girman ƙwayar gyaɗa.

Tarihin gano ta ma abin alfahari ne. Marconi ya aika saƙon rediyo ya ƙetare tekun Atlantika a 1901. A 1902 Kennelly da Heaviside, kowa a nasa ɓangaren, suka ce lallai akwai wani abu a sama da ke maido da igiyar rediyo ƙasa. A ƙarshen 1924 Edward Appleton da ɗalibinsa Barnett suka tabbatar da haka a Ingila, ta hanyar amfani da tashar BBC ta Bournemouth suna saurare daga Oxford. Ba a jima ba Breit da Tuve a Amurka suka fito da dabarar harba sigina sama a auna lokacin dawowarta, wadda ita ce tushen na'urar auna ayonosfiya da ake amfani da ita har yanzu. Appleton ya samu kyautar Nobel a 1947.

Zanen yana bayyana abubuwa da dama lafiya lau. Misali, ya gaya maka dalilin da ya sa tashoshin matsakaicin zango na nesa suka fi shigowa da dare: hawan D, wanda ke shanye siginarsu da rana, yana ɓacewa bayan faɗuwar rana. Duk wanda ya taɓa murɗa rediyo da daddare ya san haka. Saboda haka zanen bai yi ƙarya ba. Matsalarsa ita ce abin da ya bari a waje.

A ƙarƙashin wace samaniya aka zana shi?

Ka lura da wuraren da na lissafa: Oxford, Bournemouth, Amurka. Duk suna can tsakanin ikwaita da ƙuryar arewacin duniya, inda layukan maganaɗisun duniya ke nutsawa cikin ƙasa a karkace, kuma ayonosfiya ta fi ko'ina kwanciyar hankali. Wanda ya leƙa samaniya daga can zai iya cewa madubi ce, ba a ce ya yi ƙarya ba.

Mu kuwa lamarinmu daban. Akwai wani layi da ya zagaye duniya, inda layukan maganaɗisu ke kwance shamɓal, ba su karkata sama ko ƙasa ba. Shi ake kira ikwaitar maganaɗisu, kuma bai bi ikwaitar taswira sau da ƙafa ba. A Kudancin Amurka ya gangara har kusan digiri 12 kudu, ya ratsa ƙasar Peru. A Afirka kuma ya hauro kusan digiri 10 zuwa 12 arewa, ya ratsa ta arewacin Najeriya, tsakanin Abuja da iyakar Nijar, ya wuce gabas ta Chadi har Habasha. Wato dai idan kana Zariya ko Kano ko Bauchi, kana zaune ne a ƙarƙashin ɗaya daga cikin wuraren da ayonosfiya ta fi rigima a duniya.

Kuma ba yau aka san haka ba. Tun 1938 Booker da Wells suka ba da rahoton cewa a tashar Huancayo ta Peru, siginar da suke harbawa sama takan dawo a warwatse da dare, maimakon ta dawo a tsari guda kamar yadda madubi zai maido ta. Appleton da kansa, a 1946, ya nuna cewa filazma ba a kan ikwaitar maganaɗisu ta fi taruwa ba, ta fi taruwa a ɗamara biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu, kowace kusan digiri 15 daga layin. A Yammacin Afirka ma, tun shekarun 1950 ake auna wannan al'amari a Ibadan da kuma Gana, inda John Koster ya shafe shekaru yana nazarin yadda siginar da ke zuwa daga sararin samaniya ke ƙyaftawa da dare. Masanin nan na Najeriya, Cyril Onwumechili, ya yi rayuwarsa ta bincike a kan kogin lantarkin da ke kwarara a saman ikwaitar maganaɗisu, har ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1997.

Ka ga kenan masu bincike ba su ɓoye komai ba. Zanen ne ya tsaya a inda yake tun shekarun 1920, aka yi ta kwafarsa daga littafi zuwa littafi, har ya iso ajin da ke ƙarƙashin samaniyar da ba ta yi kama da shi ba.

Abin da ke faruwa bayan magariba

Samu kwalba, ka zuba mata ruwa rabi, ka ƙara man gyaɗa a kai, ka toshe. Man zai zauna a sama, ruwa a ƙasa, kowa ya san matsayinsa. Yanzu juya kwalbar da sauri. Na ɗan lokaci ruwa mai nauyi ne a sama, mai mara nauyi a ƙasa. Wannan zaman ba ya ɗorewa: man zai fara kutsawa sama kamar yatsu, ruwan kuma ya gangaro ta gefensa. Masana na kiran wannan rashin daidaiton Rayleigh da Taylor. A 1956 James Dungey ya kawo shawarar cewa irin wannan ne ke faruwa a ayonosfiyar ikwaita da dare.

Ga yadda abin yake. A yankinmu, layukan maganaɗisu da ke kwance su ne ke tallabe da filazma, kamar igiyoyin shanya. Da rana ta faɗi, ilekturon da ayon da ke ƙasa-ƙasa, inda iska ke da kauri, sukan sake haɗewa da sauri su koma iska ta yau da kullum. Na can sama kuwa, inda iska ta yi siriri, sukan daɗe ba su haɗu ba. Cikin ɗan lokaci sai ka samu filazma mai yawa zaune a kan wurin da kusan babu komai, da iyaka mai kaifi a tsakaninsu. Kwalba ta juye kenan.

Yanzu ka ɗauka wannan iyakar ta ɗan yi tudu a wani wuri. Nauyi yana sa ayon da ilekturon su riƙa zamewa ta fuskoki mabambanta, ɗaya gabas ɗaya yamma, don haka caji yakan taru a gefe biyu na tudun. Wannan cajin yana haifar da ƙarfin lantarki, shi kuma tare da maganaɗisu sai su tura tudun ya ƙara yin sama. Da ya ƙara tsawo, sai caji ya ƙara taruwa, turin ya ƙaru. Abu yana ciyar da kansa da kansa. Daga ƙarshe sai wani rami mara filazma ya ɓalle ya kutsa cikin hawan F. Shi ne abin da ake kira kumfar filazma.

Za ka iya tambaya, to me ya hana haka faruwa da rana? Dalili shi ne kowane layin maganaɗisu da ya ratsa hawan F a saman ikwaita, bakinsa biyu sun sauko cikin hawan E, ɗaya a arewa ɗaya a kudu. Da rana hawan E yana ɗaukar lantarki sosai, don haka duk cajin da ya fara taruwa sai ya zurare ta nan, kamar randa mai huda. Da magariba hawan E yakan kusan mutuwa, hudar ta toshe. Ƙari a kan haka, daidai lokacin faɗuwar rana akwai wani turi da ke ɗaga hawan F gaba ɗaya zuwa sama na ɗan lokaci, kafin ya juya ya fara sauka. Idan turin ya yi ƙarfi, sai ya kai filazmar inda iska ta yi ƙaranci har ba ta iya taka mata burki. Tsakanin magariba da isha'i ake ɗaura wannan ɗamarar, bayan isha'i abin ya kankama, wani lokaci har ya wuce tsakar dare.

Kar sunan kumfa ya ruɗe ka ka zaci ƙaramin abu ne. Faɗinta daga gabas zuwa yamma yakan kai gomman kilomita zuwa sama da 100. Takan hau ta wuce kilomita 1,000, wato can sama da inda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ke shawagi a wajen kilomita 400. Tana miƙewa ta bi layin maganaɗisu arewa da kudu na dubban kilomita, tana tafiya gabas da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa. Yawan ilekturon a cikinta yana iya faɗuwa ninki 10, ko 100, ko ma fiye. Gefenta kuma ba santsi gare shi ba, yakan farfashe zuwa ƙanana, ƙananan su sake farfashewa, har a kai masu girman 'yan mitoci. A 1976 Woodman da La Hoz suka fitar da hotunan waɗannan abubuwa da babbar na'urar rada ta Jicamarca da ke kusa da birnin Lima, sun tashi tsaye kamar hayaƙin gobarar daji.

Ko da ranar ma fa ba shiru ake ba. Wancan kogin lantarki da na ambata yana kwarara ne a wajen kilomita 105 sama da ƙasa, a wata siririyar ɗamara mai faɗin kusan kilomita 600. Idan gudun ilekturon a cikinsa ya zarce gudun sauti a filazmar, wajen mita 350 zuwa 400 a daƙiƙa, sai ya tarwatse zuwa ƙananan igiyoyi. Farley da Buneman ne suka yi bayanin wannan a 1963. Duk wannan babu ko alamarsa a zanen hawa uku.

Yadda zanen ya shiga cikin wayarka

Wani zai ce, to ai zane ne kawai na 'yan makaranta, mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Amsar tana cikin GPS.

Taurarin GPS suna nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma dole siginarsu ta ratsa ayonosfiya kafin ta iso gare ka. Ilekturon suna jinkirta ta, na'urarka kuma da lokacin isowar sigina take lissafin nisa. Idan ba a gyara ba, jinkirin yana iya zama kuskuren mita da yawa, har goma da ɗoriya. Domin rage wannan, taurarin suna aiko da lambobi 8 da na'urarka ke sakawa a wani lissafi da John Klobuchar ya wallafa a 1987. Lissafin ya ɗauki ayonosfiya a matsayin siririn faifai guda ɗaya a tsayin kilomita 350. Ya ɗauka jinkirin yana hawa a hankali ya kai ƙololuwa da ƙarfe 2 na rana. Da dare kuwa, ya ba shi adadi guda da ba ya canjawa, wanda ya yi daidai da kusan mita ɗaya da rabi, ko'ina a duniya.

Ka sake karanta jimlar ƙarshen nan. A lissafin da ke cikin ɗimbin na'urori, dare lokaci ne da babu abin da ke motsi. Zanen littafinmu kenan aka mayar lambobi.

Ban ga laifin Klobuchar ba, gaskiya. An ba shi gurbin lambobi 8 kacal a cikin saƙon tauraro, ga kwamfutocin wancan zamani marasa ƙarfi, kuma shi da kansa bai yi alkawarin fiye da cire kusan rabin kuskuren ba. Abin da nake suka shi ne yadda muke karɓar irin waɗannan lissafe-lissafe ba tare da tambayar a wace samaniya aka gwada su ba.

Na'urori masu tsada, da wasu sababbin wayoyi, suna kama sigina biyu a lokaci guda, misali ta megahaz 1575.42 da ta 1176.45. Da yake jinkirin ya bambanta tsakaninsu, ana iya lissafa shi a cire kusan duka. Wannan ya magance jinkiri, amma bai magance kumfa ba. Idan sigina ta ratsa ta cikin ɓarɓashin filazma masu girman mita 300 zuwa 400, sai ta rarrabu, sassanta su iso ƙasa suna karo da juna, ƙarfinta ya riƙa hawa da sauka sau da yawa a cikin 'yan daƙiƙoƙi, kamar yadda tauraro ke ƙyaftawa a ido. Idan abin ya tsananta, na'urar takan saki tauraron gaba ɗaya. Babu lissafin da zai gyara siginar da ba ta iso ba. Wannan ne yankewar da na gani a bayanaina.

Haka ma tsarin da ke taimaka wa jiragen sama sauka da GPS. Na Amurka, WAAS, yana ba da gyaran ayonosfiya ne a kan raga mai tazarar digiri 5, wato sama da kilomita 500 tsakanin wannan kulli da wancan. Kumfa mai faɗin kilomita 100 za ta iya wucewa ta tsakiya ba a gan ta ba. Shi ya sa Indiya, da za ta gina nata tsarin mai suna GAGAN, sai da ta sake fasalin lissafin ayonosfiya don ya dace da samaniyarta. Batun ya shafe mu kai tsaye, domin a 2020 hukumar ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a ƙasashen Afirka da dama har da Nijar da Chadi da Kamaru, ta fara watsa siginar gwaji ta irin wannan tsarin ta tauraron Najeriya NigComSat-1R.

Komai a ce Rana ce

Illa ta biyu ta zanen tana cikin labarai. Tunda an koya mana cewa madubin yana zaune lafiya, duk sanda aka ji GPS ya yi tuntuɓe sai a nemi mai laifi daga waje, kuma kullum guguwar rana ake kamawa. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 2024 an yi babbar guguwar maganaɗisu, mafi ƙarfi tun 2003. An ga hasken nan mai launi a sararin ƙasashen da ba su saba ganinsa ba, manoma a Amurka suka dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun rikice. Labarin gaskiya ne, ya kuma zaga duniya, mu ma muka fassara muka yaɗa.

Sai dai wanda ya karanta zai tashi da tunanin cewa matsalar ayonosfiya abu ne na shekara-shekara da ke zuwa daga Rana. A wurinmu kuwa kumfa ba ta jiran guguwa. Tana tashi a daren da maganaɗisun duniya ke kwance lafiya, musamman a watannin Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba. Bayanan taurarin ɗan'adam na shekaru da yawa sun nuna cewa yankin da ya taso daga Kudancin Amurka ya ratsa Atlantika zuwa Afirka yana cikin inda aka fi samunta a duniya.

Rana tana da hannu, ba a musu. A shekarun da ta fi zafin aiki, a zagayenta na kusan shekara 11, kumfa ta fi yawa kuma ta fi ɓarna, kuma a Oktoban 2024 aka sanar cewa an shiga ƙololuwar zagayen da muke ciki. Amma alaƙar guguwa da kumfa ba miƙaƙƙiya ba ce. Ya danganta da lokacin da guguwar ta iso: wani lokaci ta tayar da kumfa, wani lokaci ta danne ta, daren ya wuce shiru. Kuma sau da yawa abin da ke fara tayar da ɗan tudun farko daga ƙasa yake tasowa, kamar girgizar iska da manyan hadura ke aikawa sama. Aman dutsen Tonga na 15 ga Janairun 2022 ya girgiza iska har aka ga kumfa ta tashi a sararin Asiya bayansa.

Kada mu ma mu zuzuta

Tunda na soki wasu, bari in ja kunnen ɓangarenmu. Akwai masu jin wannan bayani su fara ɗora wa kumfa laifin komai. Idan kiran wayarka ya yanke, ba ita ba ce, domin tsakaninka da turken sadarwa babu ayonosfiya. Idan hoton dish ɗinka ya daskare, ka duba hadari, domin siginar talabijin ta wajen gigahaz 11 zuwa 12 ruwan sama ne ya fi damunta, ƙyaftawar filazma kuwa tana raguwa sosai idan sigina ta kai can. Taswirar wayarka ma da wuya ka lura da wani abu, saboda tana haɗawa da bayanan turaku da wasu dabaru.

Waɗanda abin ke ci wa tuwo a ƙwarya su ne masu buƙatar daidaito na santimita ko kuma siginar da ba ta yankewa: masu awon filaye, jiragen ruwan haƙar mai da ke tsayawa cak da taimakon GPS, jiragen sama, da manoman rake a Burazil masu aikin dare da injuna masu tuƙa kansu. Sannan ƙyaftawar ta fi tsanani a waɗancan ɗamara biyu na Appleton, inda filazma ta fi kauri, fiye da kan layin kansa. Tsibirin Ascension da ke Atlantika, inda BBC ke da tashar tura shirye-shirye zuwa Afirka, ya yi suna a kan haka. Don haka Legas da Akara sun fi Kano kusa da bakin wuta, duk da cewa na'urar da ke Kano ma tana kallon taurarin da siginarsu ke ratsowa ta can.

Akwai misalin da ake yawan kawowa, na faɗan Takur Ghar a Afganistan ranar 4 ga Maris 2002, inda wani jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka bai samu saƙon gargaɗi ba, ya sauka a tsakiyar abokan gaba. Wani bincike da Michael Kelly ya jagoranta a 2014 ya nuna akwai kumfa a hanyar siginar a wannan daren. Amma binciken cewa ya yi mai yiwuwa ta taimaka, tare da tasirin duwatsun wurin. Masu ba da labarin ne suka mayar da "mai yiwuwa" ta koma "tabbas". Wannan ma wani nau'in zanen ne mai sauƙin da ya wuce gona da iri.

Gyaran zanen

Babbar tambayar da ta rage a wannan fanni ita ce ta yau da gobe: me ya sa kumfa ta tashi daren Litinin, ta ƙi tashi daren Talata, alhali wata ɗaya ne, yanayin Rana ɗaya ne? An harba taurari saboda ita, kamar C/NOFS a 2008, da GOLD a 2018 wanda ke ɗaukar hoton jerin kumfa daga sama. Amma tauraro shi kaɗai bai isa ba, sai da awo daga ƙasa na shekaru masu yawa ba yankewa. Peru tana da Jicamarca tun farkon shekarun 1960. Afirka, wadda ta fi kowace nahiya tsawon ƙasa a ƙarƙashin ikwaitar maganaɗisu, ba ta da rada mai irin wannan girman. An yi yunƙuri masu kyau: na'urar Wagadugu ta tara bayanai na shekaru da dama, a farkon shekarun 1990 an jera na'urori daga gaɓar tekun Kwaddibuwa har Tambutu, a 2015 kuma an kafa kyamarar kallon samaniya a Abuja da haɗin gwiwar Jami'ar Nagoya ta Japan da Cibiyar Binciken Sararin Iska da ke Anyigba. Sai dai duk wanda ya yi aiki da bayanan yankin nan ya san ciwon giɓi: wata uku akwai, wata biyar babu, saboda wuta ko batir ko intanet.

Ina ganin zanen yana da hannu a nan ma. Wanda aka koya wa cewa samaniya madubi ce da Turawa suka gama aunawa shekara 100 da suka wuce, me zai sa ya ware kuɗin batir don a ci gaba da kallonta? Kuma ɗalibar da ke aji a Funtuwa ko Maraɗi, ta yaya za ta san cewa tambayar da ta gagari masana tana saman rufin gidansu?

Ban ce a goge zanen ba. A bar shi, yana da amfani. Amma idan kai malami ne, ka ƙara wani a gefensa: rana tana faɗuwa a yamma, hawan E ya dusashe, hawan F ya ɗaga, yatsu suna kutsawa sama daga ƙasansa. Ka zo da kwalbar ruwa da man gyaɗa ka juya a gabansu. Idan kai mai awon fili ne kuma na'urarka ta fara gardama bayan isha'i a watan Maris ko Oktoba, ka rubuta ranar da lokacin, ka bar aikin sai da safe, kar ka yi saurin kai ta wurin gyara. Idan kuma ka sake ganin labari an ce guguwar rana ta rikita GPS, ka tambaya a wace ƙasa, kuma da ƙarfe nawa.